Manhajar da ka biya: taka ce, ko aron ta aka ba ka?

Da bazarar bara, lokacin da zafi ya kai intaha kuma wuta ke zuwa tana komawa sau nawa a yini, na'urata mai ƙwaƙwalwa, wadda muke kira ordinatar, maƙwabtanmu na Najeriya kuma kwamfuta, ta mutu a tsakiyar aiki. Na kai ta wurin wani saurayi mai gyara a bakin kasuwa. Ya kwance, ya duba, ya ce babban faifan ciki da suke kira kart-mer ya ƙone, kuma gyaransa ya fi sayen wata tsada. Na sayi wata ta hannu, irin okaziyon nan da ke shigowa daga Turai. Yaron ya kwashe mini takarduna duka ya maida su cikinta ba tare da ko ɗaya ta ɓace ba. Amma manhajar da nake shirya shafi da ita, wadda na saya da gumina kuma rasit ɗinta ke cikin aljihun tebur, ta ƙi buɗewa. Ta ce lambar da na ba ta an riga an yi aiki da ita cikin wata na'ura.

«Mushe, ba ni jika biyu in sa maka wata, har da duk abin da kake so», in ji mai gyara. Na ce masa ai ni na biya. Ya yi dariya, ya ce: «Ka biya, amma ba kai ta sani ba. Waccan da ta mutu ta sani.»

Mai karatu, wannan magana ta yaron ita ce ta kai manyan kamfanoni gaban manyan kotunan Amurka da na Turai, kuma abin mamaki shi ne kotunan biyu sun ba da amsa biyu masu karo da juna.

Kaya ko izini?

Wanda ya sayi babur, babur nasa ne: ya hau, ya ba da aro, ya sayar a kasuwa, kamfanin da ya ƙera ba ya da ta cewa. Haka littafi. Tun 1908 kotun ƙolin Amurka ta yanke wannan magana, lokacin da wani kamfanin ɗab'i ya rubuta cikin littafinsa cewa kada kowa ya sayar da shi ƙasa da dala guda (dalar Amurka fa, ba tamu ta kasuwa ba), kantin Macy's na Niyok kuwa ya riƙa sayar da shi santi 89. Alƙalai suka ce ikon mawallafi a kan wannan kwafi ya ƙare tun ranar da ya sayar da shi karon farko.

Manhaja, wato lojisiyel, ta zo da wata matsala da babur ba ya da ita. In ka sayar da babur, ka koma tafiya a ƙasa. In ka ba wani manhaja, kana iya ba shi ita kuma ta zauna a wurinka, ba ta ragu da komai ba. Tun kwamfuta na jaririya aka fara kuka da haka. A watan Fabrairun 1976, Bill Gates, yana saurayi ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar ƙananan na'urori, yana ƙorafin cewa cikin masu na'urar Altair ko kashi goma bisa ɗari ba su biya kuɗin manhajar BASIC da shi da abokansa suka rubuta ba. Sauran kwafe ta suke yi hannu da hannu, a kan zaren takarda mai huji.

Dabarar da kamfanoni suka samo ita ce su daina cewa sayarwa suke yi. Sai suka ce izini suke ba ka, lasisi, ka yi aiki da abinsu bisa sharuɗɗan da suka gindaya. Dogon rubutun nan da ke fitowa lokacin sa manhaja, wanda babu mai karantawa (ni ma ban taɓa kai ƙarshensa ba kafin wannan aiki), kowa danna «na yarda» yake yi ya wuce, shi ne yarjejeniyar. A cikinsa ake faɗin na'ura nawa za ka sa wa manhajar, ko kana da damar ɗauke ta zuwa wata, ko kana iya sayar da ita.

Yadda manhaja ke gane na'urarta

Shekaru da dama sharaɗin a takarda kawai yake. Wanda ya san zamanin disketi ya san yadda kwali guda ke zagaye biro-biro na gari guda. Abin ya canza sosai a 2001, da fitowar Windows XP. Daga nan lambar mabuɗi mai haruffa da alƙaluma 25 ba ta isa ba ita kaɗai: manhajar na duba sassa goma na na'urar, irin su kwakwalwar lissafi, da rumbun ajiya, da katin sadarwa, ta haɗa wata shaida da su, ta aika wa kamfanin ta intanet ko ta tarho. An ba mutum kwana 30 ya yi wannan tabbatarwa, in ba haka ba ƙofa ta rufe. In ya canza sassa da yawa, manhajar ta ɗauka wata na'ura ce dabam.

Wa aka kama da wannan tarko? Ba ɓarayin ba. Manyan ma'aikatu masu sayen lasisi da yawa an ba su lambar da ba ta bukatar tabbatarwa, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan lambobi ta fita, ta bazu a duniya makonni kafin a fara sayar da XP a kanti. Sai a 2002 kamfanin ya toshe ta. Wanda ya sha wahalar kiran tarho da karanta dogayen lambobi shi ne wanda ya biya.

A nan akwai bambancin da ya kamata duk mai sayen na'ura ya sani, domin a kansa yawancin rigimar take. Lasisin Windows da ke zuwa tare da na'ura daga masana'anta, wanda ake kira OEM, an ɗaure shi da wannan na'ura. Yana da araha saboda kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo suna sayensa da yawa, amma sharaɗinsa shi ne ya rayu da ita, ya mutu da ita. In ka sayar da na'urar, ya bi ta gidan sabon mai ita, kuma wannan halal ne. In ta mutu, ba ka da damar ɗauke shi. A da, lambar na kan wata takarda mai walƙiya da ake mannawa a ƙarƙashin na'ura. Daga Windows 8, a 2012, sai aka koma binne ta cikin kart-mer ɗin kanta. Shi ya sa canza kart-mer, a idon kamfanin, daidai yake da sayen sabuwar na'ura. Lasisin da mutum ya saya shi kaɗai a kanti ko a shagon kamfanin kuwa, wannan yana iya bin mai shi daga na'ura zuwa na'ura, bisa sharaɗi guda: ya cire shi daga tsohuwar. Guda ka saya, guda za ka yi aiki da shi.

Ba kullum kamfanoni ke cin nasarar matse wannan dama ba. A farkon 2013 Microsoft ya fito da Office 2013 da sharaɗin cewa ko wanda aka saya a kanti ya ɗauru har abada da na'urar farko. Masu saye suka yi ca, kuma cikin watan Maris na wannan shekara kamfanin ya janye, ya yarda a riƙa ɗauke lasisin zuwa wata na'ura sau ɗaya kowane kwana 90.

Ɗan gwanjon Siyatil

Timothy Vernor ɗan kasuwa ne a birnin Siyatil na Amurka, mai sayen tsofaffin kaya yana sayarwa ta kasuwar intanet ta eBay. A 2005 ya tsinci kwafin AutoCAD, manhajar zanen gini da injiniyoyi ke aiki da ita, a wani gwanjon ƙofar gida. A 2007 kuma ya sayi wasu huɗu wurin wani ofishin masu zanen gine-gine da ke rage kaya. Ba jabu ba ne: faifai ne na asali, cikin kwalinsu. Duk lokacin da ya sa ɗaya a kasuwa, kamfanin Autodesk mai manhajar sai ya aika wa eBay takardar cewa ana taka masa haƙƙi, har aka rufe wa Vernor shagonsa na wata guda. Da abin ya ishe shi, shi ya fara kai ƙara.

Kotun farko ta ba shi gaskiya. Hujjarta mai sauƙi ce: wanda ya karɓi kuɗi sau ɗaya, ya miƙa kaya, bai ce a maido masa ba, to sayarwa ya yi, ko da wane suna ya kira cinikin. Amma a watan Satumban 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe hukuncin. Ta ce muddin kamfani ya rubuta cewa izini yake bayarwa, ya taƙaita miƙa shi ga wani, ya kuma sa manyan sharuɗɗa kan yadda za a yi aiki da shi, to mai riƙe da faifan ba mai shi ba ne, kuma wanda ba shi da abu ba ya sayar da shi. A 2011 kotun ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar, maganar ta tsaya nan.

Sai dai a yi wa Autodesk adalci, domin akwai wani lungu na labarin da masu goyon bayan Vernor ba su cika son ambata ba. Ofishin da ya sayar masa da faifan ya riga ya karɓi sabon samfurin manhajar da rangwame mai yawa, dala 495 a maimakon 3,750, bisa alƙawarin zai lalata tsofaffin. Bai lalata ba, ya sayar. Ke nan lasisi guda ya haihu ya zama biyu, kuma wannan shi ne ainihin abin da kamfanoni ke tsoro. A ganina, laifin ofishin ne, kuma shi ya kamata a bi. Amma hukuncin ya wuce nan nesa: ya ba kowane kamfani damar soke ƴancin mai saye da jimla uku da shi kansa ya rubuta, cikin takardar da babu wanda aka yi shawara da shi kafin a tsara ta.

Amsar Turai

A Jamus, wani kamfani na birnin Munik mai suna UsedSoft ya maida wannan harka sana'a tun 2003. In wata ma'aikata ta rushe, ko ta rage ma'aikata, ko ta koma wata manhajar, sai ya sayi lasisin da ba ta bukata ya sayar wa wata da rahusa. Kamfanin Oracle ya kai shi ƙara. Hujjar Oracle ta fi ta Autodesk ƙarfi a zahiri, domin yawancin abokan cinikinsa ba faifai suke karɓa ba: daga intanet suke sauke manhajar. Ina kayan da za a ce an sayar?

Kotun ƙolin Jamus ta tura tambayar ga kotun Tarayyar Turai da ke Luksamburg, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Yulin 2012. Ta ce in an ba mutum damar yin aiki da kwafin manhaja ba tare da iyakar lokaci ba, aka kuma karɓi kuɗin da ya dace da darajarta, to ciniki ya faɗa, ko a faifai ta zo ko ta waya. Alƙalan sun lura cewa in ba haka ba, kowane kamfani sai ya canza wa yarjejeniyarsa suna kawai ya kauce wa doka. Saboda haka mai saye na da damar sayarwa, har da gyare-gyaren da aka yi wa manhajar a lokacin da take hannunsa, ko da yarjejeniyar ta hana.

Amma kotun ba ta buɗe ƙofa ta tafi ba. Ta ce dole mai sayarwa ya lalata nasa kwafin a lokacin da ya sayar, kuma kamfani na da damar sa makullansa domin ya tabbatar da haka. Ta kuma ce wanda ya sayi lasisi guda na mutum 25, irin yadda Oracle ke sayarwa, ba zai gutsuro ragowar da ba ya bukata ya sayar ba. Wato abin da Turai ta halatta shi ne ƙaura: lasisi ya tashi daga nan ya koma can. Haihuwa ce ta hana. A lura kuma, hukuncin ya shafi kwafin da aka fara sayarwa cikin ƙasashen Turai ne; ba ya bin na'ura har Maraɗi.

Kamfanoni ba su tsaya jayayya ba, sai suka canza hanya. Tunda hukuncin ya rataya ne a kan izinin da ba ya da iyakar lokaci, sai suka sa masa iyaka. A 2013 Adobe, mai Photoshop, ya sanar cewa sabbin samfuransa ba na sayarwa ba ne kuma, sai biyan wata-wata ko shekara-shekara. A wannan shekarar Microsoft ya kawo irin wannan tsari na Office ga gidaje. Ɗan haya kuwa ba ya sayar da ɗaki. Ɗauke manhaja zuwa sabuwar na'ura ya yi sauƙi, gaskiya ne, tunda da sunanka aka ɗaure ta yanzu. Amma ranar da ka kasa biya, ranar take rufewa.

Inda iyaka ke da duhu

Mutum biyu sun shiga hannun hukuma a kan wannan batu, kuma labarinsu ya fi kusa da mu. Aleksandr Ponosov shugaban wata makarantar ƙauye ne a yankin Perm na Rasha. An sayo wa makarantar kwamfuta, 12 daga cikinsu ɗauke da manhajar Microsoft marar lasisi, aka gurfanar da shi. Maganar ta yi girma har Mikhail Gorbachev ya rubuta wa Bill Gates a 2007 yana neman ya sa baki. An ci shi tara, sai a ƙarshen 2008 aka wanke shi. Duk daraktan lakwal ko shugaban biro da ke karɓar na'urori daga ɗan kwangila ba tare da takarda ba ya kamata ya san wannan suna.

Na biyun shi ne Eric Lundgren, Ba'amurke mai sana'ar farfaɗo da tsofaffin na'urori. Ya sa an buga masa faifai 28,000 a ƙasar Sin, irin waɗanda ake maida Windows da su cikin na'urorin Dell da suka riga suna da lasisi. Ƴan duwan na Amurka suka kama kayan. Shi ya ce abin da ke cikin faifan kyauta ake sauke shi, kuma ba ya aiki sai da lasisi, to me ya sata? Sai dai an yi wa faifan tambari da kamanni kamar daga kamfanin suka fito, kuma ya amsa laifinsa a kan haka. Kotu ta ƙiyasta kowane faifai dala 25, ta ɗaure shi wata 15 da tarar dala 50,000, aka tabbatar da hukuncin a 2018.

A nan gida

Kada wani ya ce mu ba mu da doka. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka sabunta a 1999 da 2015, kuma tana kare manhaja kamar yadda take kare littafi da waƙa, tana kuma ba wanda ya mallaki kwafi ta halal damar ajiye wani domin ranar da na farko ya lalace. Muna da dokar haƙƙin mawallafa ta 2010 da hukumar BNDA. Ta fuskar addini ma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Mu da muka ga yadda masu kwafe kaset suka bar mawaƙanmu da hannu wofi ba mu da bakin cewa satar fasaha ba ta cutar da kowa.

Amma a sa lissafi a gaba. A 2024 ana sayar da lasisin Windows 11 na gida Yuro 145 a Faransa, wato wajen jika 95. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasarmu, bayan ƙarin da ya fara aiki a farkon wannan shekarar, jika 42 ne. Lebura zai yi wata biyu bai ci bai sha ba, kuma bai kai ba. Ƙungiyar manyan kamfanonin manhaja ta BSA da kanta ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa kashi 37 bisa ɗari na manhajojin da ke cikin kwamfutocin duniya ba su da lasisi. Wanda ya sa farashi guda ga mutumin Paris da na Tawa ya san abin da zai biyo baya.

Abin da ya fi ba ni haushi wani ne dabam. Da yawa daga cikin okaziyon da ke shigowa da lasisinsu na halal suke zuwa, binne cikin kart-mer, wanda wani biro na Turai ya riga ya biya. In aka sa musu samfurin Windows da ya dace da lambar, da kansu suke tabbatar da kansu da zarar sun hau intanet. Amma mai gyara, don gaggawa ko rashin sani, sai ya shafe komai ya ɗora fasasshen kwafi guda da yake sa wa kowa. Mai na'ura ya zama mai aiki da kayan sata alhali halal ɗinsa na kwance cikin na'urarsa. Kuma ƴan manhajojin nan da ke fasa makulli, sai an kashe maganin ƙwayoyin cuta kafin su yi aiki; abin da ya shigo tare da su, mai biro ba ya gani sai ranar da takardun kuɗinsa suka kulle. Lambobin da ake tallatawa a intanet jika biyu ko uku ma, sau da yawa an gutsuro su ne daga lasisin wata ma'aikata ko wata makaranta, kuma kamfanin na iya toshe su kowane lokaci.

Akwai kuma wata hanyar da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Linux da LibreOffice kyauta ne bisa doka, a kwafe, a raba, a sa wa na'ura ɗari. Jandarmomin Faransa sun fara barin Office tun 2005, suka kuma shiga maida na'urorinsu kan Ubuntu daga 2008. Abin da ya ishi jandarma rubuta rahoto zai ishi sakatare buga wasiƙa. Maganar za ta ƙara nauyi, domin tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma na'urori masu yawa da suka tsufa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ma'aikatun Turai za su sauke su, kuma mun san tashar da irin wannan kaya ke sauka. Lasisinsu na nan daram, amma ba mai toshe musu ɓaraka kuma.

Ni dai ban ba yaron jika biyun ba. Na koma gida na tono rasit, na sami ashe lasisina irin mai ƙaura ne. Na rubuta wa kamfanin cewa tsohuwar na'ura ta ƙone, ba yadda zan shiga in cire manhajar daga cikinta. Suka nemi hoton rasit da lambar, suka saki lasisin bayan kwana tara. Cikin waɗannan kwanaki tara a biron wani abokina na shirya shafin jarida, kuma ban tambaye shi inda ya samo tasa manhajar ba.